Tsohon Gilashi a Sabuwar Kyamara: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Gilashi mai jawo nesa kusa yana cikin kayan da suka fi cin kuɗin mai ɗaukar hoto, shi ya sa mutane da dama suka koma neman tsofaffin gilasai na zamanin fim, waɗanda aka ƙera daga shekarun 1960 zuwa na 1980, ake saita su da hannu, ake kuma samun na hannu a farashi mai sauƙi. Amma kafin a yi maganar wane gilashi za a saya, wajibi ne a fara duba kyamarar da za a ɗaura shi a kanta, domin a nan ne aka fi yin asarar kuɗi.

Kowane kamfani ya tsara gilashinsa ne ya zauna a wata ƙayyadaddiyar tazara daga fim. Bakin Nikon F, wato wurin da ake ɗaura gilashi a jikin kyamara, wanda ya fito a 1959, tazararsa milimita 46.5 ce, ta M42 mai zare kusan 45.5 ce, ta Canon FD kuwa 42. Kyamarori marasa madubi tazararsu gajera ce ƙwarai: Nikon Z tana da 16, Fujifilm X 17.7, Sony E 18, Canon RF 20. Saboda haka mai irin wannan kyamara ba ya buƙatar komai sai adafta, wato zoben ƙarfe marar gilashi a ciki da zai cike giɓin, kuma kusan kowane tsohon gilashi zai hau ta. Mai DSLR, wato kyamarar dijital mai madubi a ciki, shi ne a takure. Canon EF, mai tazarar 44, tana karɓar Nikon F da M42 da Olympus OM, amma Canon FD da Minolta MD ba za su saita abu mai nisa a kanta ba sai da adafta mai ƙarin gilashi, wadda take rage tsaftar hoto har saye ya zama banza. Mai DSLR ta Nikon gara ya tsaya a kan Nikkor, wato gilasan kamfanin Nikon, ya kuma tabbatar cewa na tsarin AI ne da aka fara a 1977 ko AI-S na bayansa, domin waɗanda suka girme su suna iya lanƙwasa ɗan hannun da ke karanta saitin ƙofar haske a bakin kyamarori irin su D750.

A ganina, wanda bai taɓa saita gilashi da hannu ba, gara ya fara da mai tsawon milimita 135. An ƙera su da yawa, ba su da nauyi, kuma tsarinsu mai sauƙi ne har da wuya a samu wanda bai yi kyau ba. Super-Takumar 135 f/3.5 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga) na kamfanin Asahi Pentax da ke Japan ya yi suna wajen santsin zoben saiti, kuma wanda aka rubuta wa Super-Multi-Coated, da ya fito daga 1971, ya fi jure hasken rana idan ta fuskanci gilashin. Jupiter-37A na tsohuwar Tarayyar Sobiyet yana da fikafikai 12 a ƙofar haskensa, abin da ke sa bayan hoto ya narke da kyau ko an tsuke ƙofar, sai dai ingancin haɗi ya kan bambanta daga wannan zuwa wancan. Carl Zeiss Jena Sonnar 135 f/3.5 na Jamus ta Gabas yana da kaifi da launi mai daɗi, amma an san shi da maƙalewar ƙofar haske. Mai son hoton fuska da zai iya ƙara kuɗi, ya nemi Nikkor 105 f/2.5, irin wanda mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Steve McCurry ya ɗauki shahararren hoton wata yarinya 'yar Afghanistan da shi a 1984.

Daga milimita 180 zuwa sama lissafin yana canjawa. Sensa ta zamani, wato abin da ke kama hoto a madadin fim, ba ta rufa wa tsohon gilashi asiri kamar yadda fim yake yi, kuma aibin da ya fi fitowa shi ne wani layi mai ruwan shunayya ko kore da ke bin gefen farin abu, kamar gefen farar babbar riga a tsakar rana. A wannan rukuni Nikkor 180 f/2.8 ED shi ne zakara, domin gilashin ED an yi shi ne don magance wannan matsala, ko da yake farashinsa ya fi na sauran. Tair-3 300 f/4.5 na Sobiyet yana da araha, amma nauyinsa ba na riƙewa a hannu tsawon yini ba ne. A kuma tuna cewa kyamara mai ƙaramar sensa irin APS-C tana ninka tsawon kusan sau 1.5, mai Micro Four Thirds sau 2, don haka 135 yana aiki kamar 200 ko 270, rawar hannu ma tana ninkuwa. Idan kyamarar tana da na'urar hana girgiza a jikinta, kamar Sony A7 II ta 2014, sai an shigar mata da tsawon gilashin da hannu kafin ta yi aikinta daidai.

Gilashin madubi mai 500 f/8, irin Reflex-Nikkor ko Tamron SP, yana jan ido saboda gajarta da rashin nauyi. Ƙofar haskensa ba ta motsi, ɗigon haske a bayan hoto yana fitowa zobe-zobe, kuma saita shi yana son haƙuri. Ya dace da ɗaukar wata a sararin sama ko tsuntsu a kan reshe; wanda yake son dawakin hawan Sallah a guje, gara ya tara kuɗi ya sayi mai saita kansa. Tsofaffin masu zuƙowa kuwa, wato masu canja tsawo, in ban da kaɗan irin Vivitar Series 1 70-210, ba su kai na tsawo guda ba.

Lafiyar gilashin ta fi sunan da ke jikinsa muhimmanci. A buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, a haska fitilar waya ta baya, a leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta ɓata hoto, ƙaramin ƙarzuwa a gilashin gaba ma haka, kuma duka biyun hujja ce ta neman ragi. Amma idan aka ga fararen zare-zare kamar yanar gizo-gizo, funfuna ce, tana cin fentin gilashi, kuma laimar damina za ta ƙara mata ƙarfi. Idan aka ga hazo a ciki, hoton zai fito dishi-dishi. A duba fikafikan ƙofar kada a ga maiƙo a kansu, a murɗa zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa a wani wuri. Wanda zai saya a kasuwa ya je da kyamararsa da adaftarsa, ya saita wani gini mai nisa ya faɗaɗa hoton a allo, wanda kuma zai yi oda daga waje kada ya biya sai mai sayarwa ya amince da mayar da kaya.