Canjin taimin bel mai jiƙe a baƙin mai: yadda wani gareji a Kano ya yi wa 208 ɗinmu aiki

Idan motarka ƙarama ce 'yar Kwatano mai silinda uku, kuma bakanike ya ce maka ka je ka yi La'asar ka dawo za ka tarar ya canja taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita juyin saman inji da na ƙasansa, to ka karɓi mukullinka ka ƙara gaba. Wannan aikin ba na tsakanin salla da salla ba ne. Garejin da zan yi magana a kansa yana bayan kasuwar Ƙofar Ruwa, motocin Faransa suka fi yawa a cikinsa, kuma abin da ya sa na yarda da su shi ne tun a maganar farko maigidan wurin ya ƙi yi min alkawarin gaggawa.

Motar Peugeot 208 ce ƙirar 2015, mai injin 1.2 PureTech maras turbo. Uwargida ce ke hawa, ta kai yara makaranta, ta wuce wurin aiki, ta dawo ta cikin cunkoson Kabuga. Lafiyarta ƙalau, ba ta kunna wata fitila ba, ba ta yi wani kuka ba. Abin da ya kai mu shi ne ta shigo ƙasar nan ba ta da takardar sabis ko guda, ba wanda zai iya rantsuwa cewa an taɓa canja mata bel, kuma shekarunta sun daɗe da haura iyakar da kamfanin ya gindaya.

Mu da muka taso da 504 da 505 da 406, abu biyu muka sani. Ko dai sarƙa ce a cikin inji tana wanka da mai, ko kuwa bel na roba a waje, a bushe, bayan murfi, wanda in mai ya ɗiga masa sai bakanike ya ce maza a canja. Wannan injin ya haɗa biyun: bel ne na roba mai haƙora, amma a cikin inji yake, yana juyi cikin baƙin mai. Kamfanin PSA, mai Peugeot da Citroën, ya fito da shi a 2012, shekarar da Ford ma ya fito da 1.0 EcoBoost mai irin wannan tsari a Focus, daga baya Fiesta da EcoSport. Dalilinsu shi ne rage gugar ƙarfe da ƙarfe, rage ƙara da shan fetur, a kuma cika sharuɗɗan hayaƙi na Turai. An yaba musu sosai a lokacin. Injin Ford ɗin ya ci kyautar injin shekara ta duniya sau uku a jere, 2012 zuwa 2014, mai turbo na PureTech kuma ya lashe rukuninsa daga 2015 zuwa 2018. Irin namu yana cikin 208, 2008, 308, Citroën C3, har da Opel Corsa na baya-bayan nan.

Matsalar da ta bayyana daga baya a Turai sananniya ce. Idan baƙin mai ya tsufa, ko ba irin wanda aka tsara ba ne, ko fetur ya riƙa zurarewa yana gauraya da shi, sai robar ta kumbura, bayanta ya tsattsage, ta fara zubar da ɓurɓushi. Kuma ba tsinkewar bel ce ke fara kashe injin ba. Ɓurɓushin ne ke gangarawa ƙasa ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, mai ya daina isa sama, jar fitilar mai ta kama. A masu turbo har famfon iskar da ke taimakon birki abin kan shafa, birki ya yi tauri, shi ya sa aka yi kiranyen motoci masu yawa a 2020 domin a duba su. Da farko kamfanin ya ce bel ɗin zai kai shekara 10, daga baya ya rage zuwa shekara 6 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga zuwa. A 2024 Stellantis, wanda ya gaji PSA, ya tsawaita garanti zuwa shekara 10, amma da sharaɗin an bi ƙa'idar sabis kuma akwai shaida. Motar da ta biyo ta Kwatano hannu rabbana, mai ita kada ma ya sa rai. Sababbin injinan da suka fito da su daga 2023 sarƙa suka koma, wanda a ganina ya isa amsa.

To, garejin. Abu na farko da maigidan ya yi shi ne buɗe murfin zuba baƙin mai ya haska tocila. Ta nan ana hango bayan bel ɗin. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ma'aunin faɗin bel, ya zura. Idan bel bai kumbura ba, ma'aunin zai hau shi salin-alin. Namu sai da ya ɗan cije. Ya ce, "Yallaɓai, leƙo ka gani da idonka, kada ka ce ni na faɗa." Na leƙa na ga 'yan tsage-tsage a bayan robar. Bai tsorata ni ba, bai ce yau-yau injin zai buga ba. Cewa ya yi lokacinsa ya yi, kuma shi ba ya canja bel sai ya sauke kaskon mai na ƙasan inji ya duba rariya. In ban yarda da wannan ba, in kai wani wuri.

A nan ne garejin nan ya bambanta da wurin da na fara tambaya. Can an ba ni farashin da bai kai rabin wannan ba, kuma da na tambayi batun sauke kasko sai aka ce ba dole ba ne, za a zuba maganin wanke inji ya narkar da komai. Roba ba ta narkewa da wannan. Tana nan a rariya, ka saka sabon bel ka tafi da murna, tsohon kuma yana ƙasa yana shaƙe famfo. Araha ba ta ado.

Na tsaya na ga yawancin aikin, domin ba su hana mai mota tsayawa, ko da yake ba su da wurin zama na kirki sai wani benci a gindin darbejiya. Sun cire murfin saman inji, suka kawo injin daidai matsayinsa, sannan suka kulle shi da ƙarafan kulle na musamman: ɗaya ya riƙe ƙaranshaf, sandar da fistin ke juyawa, ta ƙasa, wani ya hau kan kamshaf biyu, sandunan da ke buɗe bawul, ta sama. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina. Na saba ganin kanikawa suna ɗiga farin fenti a kan fuli su ce sun yi alama. A wannan injin haƙori ɗaya in ya goce sai mota ta riƙa rawa tana kunna fitilar inji, in ya goce da yawa kuwa fistin ya daki bawul, aiki ya koma na sauke kan inji. Na tambayi maigidan ko ana iya yi ba da ƙarafan ba. Ya ce ana yi mana, su ne motocin da ake jawo masa da igiya.

Da suka sauke kaskon, ya kira ni. Rariyar ba ta toshe ba, amma gefe guda ya tara baƙin ɓurɓushi kamar ganyen shayin da ya kwana a matata. Suka cire ta suka wanke tas, suka wanke kaskon, suka kankare tsohon gam, suka shafa sabo siriri, ba irin lafcen da ke matsewa ciki ya zama wata sabuwar shara ba. Ya kuma zaro bawul-bawul ɗin lantarki da ke sarrafa taimin na kamshaf ya wanke 'yan ragarsu, ya ce can ma ɓurɓushi kan maƙale. Ban sa shi ba, bai kuma ƙara kuɗi a kai ba.

Kayan da aka saka: bel, abin ɗaure bel, fulin jagora, sabon notin ƙaranshaf, sabuwar robar murfin sama, filtar mai. Notin ƙaranshaf ɗin irin mai miƙewa ne idan aka ɗaure shi, ba a maimaita shi. Da sifana mai awo suka ɗaure, sannan suka ƙara juyi bisa ma'aunin kusurwa, ba wai yaro ya sa bututu a sifana ya hau ya yi tsalle ba. Bayan nan ya juya injin da hannu zagaye biyu, ya sake gwada ƙarafan kulle, suka shiga ba gardama, sannan aka rufe. Na yi zaton za a ce in sayi famfon ruwa kamar yadda ake yi wa 406, sai ya ce a wannan injin ba taimin bel ke juya shi ba, namu kuma ba ya yoyo, a bar shi. Bakaniken da ya hana ka sayen abin da ka zo da niyyar saye, a Kano, abin a faɗa ne.

Bel ɗin shi ne ya cinye lokaci. A kasuwa akwai masu kwali mai kyau da suna mai kyau, amma maigidan ya ce bai yarda da su ba, domin bel ɗin da zai zauna cikin mai mai zafi robarsa daban ce, kuma ba a gane jabu da ido. Daga Legas ya sa aka aiko, daga wajen dilan da ya saba da shi. Ya ba ni kwalin da rasit. Wannan na yaba. Abin da ban yaba ba shi ne sun kwance motar tun kafin kayan su iso, ta zauna a buɗe an rufa mata buhu, ga ƙurar hunturu. Da na yi magana sai ya sa aka mayar da murfin aka ɗaura leda. Da sun jira kaya sun iso sannan su taɓa ta, da uwargida ba ta yi ta biyan kuɗin adaidaita ba gaira ba dalili. Kuma ba sa kira. Kai ne za ka yi ta bugawa, yaro ya ɗauka ya ce Oga yana ƙarƙashin mota. Wanda ba shi da haƙuri zai yi faɗa da su kafin a gama.

Sai batun baƙin mai, wanda shi ne rabin lafiyar bel ɗin. Littafin motar ya nemi 0W-30 mai lambar amincewa PSA B71 2312, kamfanin kuma daga baya ya fitar da sabuwar ƙa'ida ta 5W-30 domin waɗannan injina. Maigidan bai tsaya ga lambar kauri kawai ba, sai da ya juya bayan galan ya nuna min lambar amincewar. Injin lita uku da 'yan kai yake sha, saboda haka galan guda ya isa har da ragowa. Ya ja kunnena sosai a kan masu juyen mai na bakin titi, masu cewa ƙasarmu da zafi sai mai kauri, su ɗura 20W-50 a kowace mota. Wannan na tsofaffin injina ne. Ya kuma hana zuba kowane irin maganin ƙara kauri ko na wanke inji, ya ce ba wanda ya san yadda za su yi da robar.

Akwai wata magana tasa da na ga ta zauna. Lissafin shekara 6 ɗin na Turai ne. Motar da aikinta kai yara makaranta ne, tafiyar minti goma a kashe, injin bai gama ɗaukar zafi ba balle fetur ɗin da ya zurara cikin mai ya ƙone, ga tsayuwa a cunkoso da na'urar sanyi a kunne, ga zafin Afrilu, wannan motar ta fi mai zuwa Kaduna kullum wahalar da mai. Shawararsa a riƙa juye da wuri, kada a jira kwamfutar mota ta nema, a kuma riƙa fita da ita doguwar hanya lokaci-lokaci. Ya ce duk juye in kawo ya zura ma'aunin nan kyauta. Idan kuwa jar fitilar mai ta taɓa kamawa ko da ƙiftawa ce, a kashe mota nan take, kada a ce bari a ƙarasa gida.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Kaya da mai sun fi ladan aiki, kuma bai rage ko sisi a ladan ba duk da na yi ciniki irin na Kanawa. Amma ya rubuta komai dalla-dalla kafin a fara, kuma abin da ya rubuta shi na biya. Idan aka kwatanta da kuɗin injin Kwatano, wanda shi ma da nasa tsohon bel zai zo, ban ga tsadarsa ba. Sun mayar da motar da shatin hannu a sitiyari da murfin ƙofa, takardar da suka shimfiɗa a kujera ma ta yage. Ƙaramin abu ne, amma mai motar ta gani kafin ta ga komai, kuma ni na sha faɗan.

Tun da aka karɓo ta ba ɗigon mai a ƙasa, ba fitila, tashi ɗaya take yi da safe. Ba zan ce ta ƙara gudu ko ta rage shan fetur ba, domin sabon bel ba ya yin wannan, duk wanda ya ce maka ya ji bambanci to kuɗinsa ne ke masa magana.

Masu Ford mai 1.0 EcoBoost su sani cewa wannan garejin ba ya karɓarsa. Na ji ya mayar da wani mai Focus, ya ce ƙarafan kullensa daban ne, notin ƙaranshaf ɗinsa sai da na'urar ninka ƙarfi, kuma akwai wani ƙaramin bel na famfon mai a ƙasa da ya kamata a canja tare, shi kuwa ba shi da kayan. Ranar Juma'a suna tashi tun kafin sha biyu, ba sa dawowa sai Asabar. In za ka kai, ka sa a yi odar kaya tukuna, ka bar motarka a gida har su iso, ka kuma ce a ajiye maka tsohon bel da hoton rariyar kafin wanki da bayan wanki.