Giris na litiyam da na poliyuriya: wanne ya fi kare boris?

Giris mai ne da aka ɗaure da wani sinadari mai riƙe shi kamar soso, yana sakinsa kaɗan-kaɗan tsakanin ƙwallayen boris da hanyar da suke birgima, don kada ƙarfe ya goga ƙarfe.

Giris na litiyam, wanda sinadarin da ke riƙe mansa sabulu ne da aka haɗa da ƙarfen litiyam, ya bazu tun daga shekarun 1940, yana da araha, yana jure ruwa gwargwado, kuma yana aiki lafiya har zuwa wajen digiri 120 na Salsiyas. Idan zafi ya zarce haka, man yakan tsiyaye, ragowar ya bushe ya yi baƙi, sai a ji boris yana ƙugi, in an kwance shi kuma a tarar da hanyar ƙwallayen ta yi zane-zane da ƙananan ramuka.

Na poliyuriya, wanda wani sinadari mai wannan suna ke riƙe mansa, ba shi da sabulun ƙarfe a cikinsa, shi ya sa ba ya saurin lalacewa da zafi, yakan kai wajen digiri 150, kuma da shi ake cika yawancin boris rufaffu na injin lantarki. Sai dai ya fi tsada.

A ganina, boris ɗin taya da na injin markaɗe, waɗanda ake iya sake wa giris a kai a kai, na litiyam ya ishe su; injin da ke wuni yana gudu cikin zafi kuwa, na poliyuriya ya cancanta. Abin da ya fi damuna shi ne gauraya su, domin sau da yawa haɗin yakan yi ruwa ya zube, ya bar boris a bushe.