Mai tallan kayan majaujawa a Facebook ya cinye mini N68,000

Jama'a, kwana tara ina juya maganar nan a raina, kunya ta hana ni rubutawa. N68,000. Kuma ba duka ne nawa ba, N30,000 a ciki karo-karon ɗalibaina ne 'yan SS2, ɗari biyar-biyar, dubu-dubu suka tara daga kuɗin tararsu. Nan ne abin yake ci mini rai.

Ni malamin kimiyya ne. Na yi wa yaran alkawari za mu haɗa ɗan ƙaramin manjaniƙi, irin majaujawar yaƙin da ake rushe ganuwa da ita a zamanin da. Ba roba a jikinta kamar danƙo, nauyi ake ratayawa a gajeren gefen sanda, in ya faɗo sai dogon gefen ya wulwulo ya cilla dutse. Mu lemo za mu cilla a filin ƙwallo, su ga darasin da idonsu. Sai na ga tallan mutumin nan, wai yana yanka katakon a shirye, kai dai ka ɗaure kusoshi.

Kada wanda ya ce mini na yi gaggawa. Ban yi ba. Sai da na kira shi, muka yi wajen minti 40 a waya. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Malam, me za ku jefa, nawa ne nauyinsa?" Na ce lemo, kamar giram 100. Ya ce to nauyin da za a rataya ya kai ninki ɗari, kilo 10 zuwa 13. Ya ce dogon gefen sanda ya ninka gajeren sau huɗu, igiyar majaujawa tsawonta ya yi daidai da dogon gefen, akwatin nauyi kuma a bar shi yana lilo, kada a kafe shi. Har ya ce in lemon yana tashi sama ya faɗo kusa, ƙusar bakin sanda zan ɗan lanƙwasa gaba don igiyar ta jinkirta suɓucewa. Wallahi duk daidai ne. Ku faɗa mini, ɗan damfara ne zai san kusurwar ƙusa? Har ya kawo mini zancen manjaniƙin da aka kafa a yaƙin Ɗa'ifa, da na Sarkin Ingila Edward na Farko a ganuwar Stirling ta ƙasar Scotland a 1304, wanda mutanen ciki suka nemi miƙa wuya ya ƙi sai ya gwada abinsa. Ina ta "ƙwarai, ƙwarai" kamar ɗalibinsa. A nan ya gama da ni, a minti 40 ɗin nan, kuma har yanzu muryarsa nake ji, "Malam, ai don yara ne, ba zan ci riba a kanku ba."

Na tura N45,000. Bayan kwana biyu ya ce ƙarfen tsakiya da sandar ke juyawa a kansa ba ya cikin lissafi, N15,000. Na tura. A'a, kafin wannan ma, tun a turawar farko na ga sunan asusun na mace ne, na tambaya, ya ce na maiɗakinsa ne, nasa ya sami matsala. Na gani fa. Na gani da idona na danna. Sai N8,000 kuɗin mota. 45 da 15 da 8, ku lissafa, N68,000.

Sau uku ina zuwa tasha. Ya ba ni lambar direba, direban ya ce suna hanya taya ta fashe, gobe ya ce an riƙe su, jibi waya a kashe. Yanzu da na nutsu ina zargin muryar ɗaya ce, ya ɗan shaƙe ta ne kawai. Ranar ta uku na dawo gida na tarar ya toshe ni a WhatsApp, shafin ma babu shi.

Bidiyon da ya turo mini tun farko, wanda na nuna wa yara a aji suna tafi, wani yaro ne a cikinsu ya gano shi a YouTube, na wani Bature ne. Ciyawa kore shar, ga shingen katako fari. Mutumin da ya ce min a bayan shagonsa ya ɗauka, a tsakiyar rani! Yaro ɗan shekara 16 ya lura, ni ban lura ba. Uwargida ta ce, "Malam, ai da ka je wurin kafintan bakin layi." Na yi shiru. Na je ɗin daga baya, ya ce da guntayen katako da bokitin yashi N11,000 ta isa. Lissafin kuwa ina da shi a kai tun farko, abin haushin ke nan.

Hotunan hirarmu da rasit uku duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambar asusuna. Kada ku tura kuɗi sai an nuna muku kayan kai tsaye a kiran bidiyo, in sunan asusu ya bambanta ku tsaya.

Kuɗin yaran zan cire daga albashin watan nan in mayar musu. Ban san da wane baki zan yi musu bayani ranar Litinin ba.