Mako Guda a Jirgin Nutso: Bahar Maliya, Maldib ko Raja Ampat?

Duk wanda ya tashi daga Yamai ya je Umara, ya kuma tsaya a bakin ruwan Jidda, ya ga Bahar Maliya, amma samanta kawai ya gani. Abin kallon yana ƙasa: duwatsun murjani masu rai da kifaye kala-kala da ke kiwo a kansu. Akwai hutun da aka shirya domin wannan kallo kaɗai. Mutum ya shiga jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, nan zai ci, nan zai kwana har mako guda ko kwana goma, jirgin yana yawo da shi daga tsibiri zuwa tsibiri, shi kuwa yana goya tukunyar iska yana nutso sau uku ko huɗu a yini. Masu hali daga cikinmu da suka ga hotunan sukan tambaya wace ƙasa ta fi kyau. A ganina tambayar ta zo da wuri. Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne iyawarka a ruwa da ingancin jirgin da za ka kwana a ciki.

Ba a hawa irin wannan jirgi sai da takardar shaidar nutso. Ƙungiyoyin da aka fi sani wajen ba da ita su ne PADI da SSI da CMAS. Matakin farko na PADI yana ɗaukar kwana uku zuwa huɗu, ana koyo a ruwa marar zurfi sannan a yi nutso huɗu a teku, kuma iyakarsa mita 18. Mataki na biyu ne ke kai mutum mita 30, kuma galibin wuraren da ake zuba kuɗi don a gani suna buƙatar sa. Kafin a ba ka takardar farkon ma sai malami ya ga ka yi iyo mita 200 ba tsayawa, ka kuma riƙe kanka a saman ruwa minti 10. Nan da yawa za su tsaya, don in ka cire Sorkawa da yaran bakin kogi, mu nawa ne muka iya ruwa? Wanda bai iya ba ya nemi wurin iyo na otal a Yamai da mai koyarwa, ya ɗauki watanni yana yi. Kada mutumin Tawa ya ce zai koya a tafkin Tabalak, ruwan kwance yana kawo tsargiya.

Sai maganar lafiya, wadda masu tallar jirage ba za su yi maka irin yadda ta shafe mu ba. Mai amosanin jini, wato sikila, ba ya nutso da tukunya, domin sanyi da ƙarancin iska da bushewar jiki duk suna tayar da ciwon, kuma a tsakiyar teku ba asibiti. Ciwon nan ya yi yawa a gidajenmu, saboda haka wanda bai taɓa gwajin jini ba ya yi, ya kuma kai wa likita sakamakon. Haka mai farfaɗiya, da mai asma, da mai ciwon zuciya, da wanda kunnensa ke ruwa, kowa ya ji ta bakin likita tukuna. Mai ciki kuwa ta haƙura sai ta sauka.

Yanzu ga wuraren.

Bahar Maliya ta gefen Masar ita ce mafi kusa da mu, ita ce kuma mafi sauƙin kuɗi. Jiragen suna tashi daga Hurgada ko Marsa Alam ko Sharm el-Shek, kuma hanyoyinsu iri biyu ne da bai kamata a haɗa su ba. Ta arewa ta ratsa gandun ruwa na Ras Muhammad, wanda aka killace tun 1983, da makabartar jirage ta Abu Nuhas, sannan ta kai ga Thistlegorm, jirgin dakon kayan yaƙi na Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar a watan Oktoban 1941. Yana kwance a zurfin wajen mita 30. In ka shiga rumbunsa da tocila za ka tarar da babura jere a bayan manyan motoci, tayoyinsu na nan, ga bindigogi ga takalman roba, kamar garejin da mai shi ya kulle ya yi tafiya. Wannan hanya tana da wuraren fakewa daga iska, tafiyar dare ba ta da tsawo, kuma wanda ke da mataki na biyu da ɗan sabo zai ji daɗinta.

Ta kudu kuwa, wato tsibiran Brothers da Daedalus da Elphinstone, wani abu ce dabam. Duwatsun suna tsaye a tsakiyar teku, bangonsu ya miƙe ƙasa har ido ya gaza, ruwa yana gudu da ƙarfi, ana kuma haɗuwa da manyan kifayen shak. Jirage da yawa ba sa karɓar wanda bai kai nutso 50 a littafin da yake rubuta nutsonsa ba, kuma gaskiyarsu. Iskar arewa tana kaɗa jirgi dare guda cur, mai jiri zai sha wahala. A kula da sanyi ma. A watan Fabrairu ruwan yakan sauka wajen digiri 22, wanda ga jikin da ya saba da zafin Afrilu na Tawa sanyi ne mai shiga ƙashi, ko da rigar roba mai kauri. Afrilu zuwa Yuni, ko Satumba zuwa Nuwamba, su suka fi dacewa da mu.

Maldib tsibirai ne wajen 1,190 a tekun Indiya, a dunƙule cikin zobba 26, babban birninsu Male. Ruwanta ɗumi ne duk shekara, digiri 27 zuwa 30, rigar roba marar kauri ta isa. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne ƙaramin jirgin da suke kira doni, wanda ke bin babban jirgi ɗauke da tukwane da injin cika su. Hayaniyar inji da jiƙaƙƙun kaya suna can, kai kana nan kana barcinka. Dokar ƙasar ta tsayar da nutson shaƙatawa a mita 30. Ana zuwa Maldib ne don manyan halittu: kifin manta mai fuka-fuki da ke shawagi a hankali bisa kan mutum, da babban shak mai ɗigo-ɗigo da ba ya cizo, wanda ake gani a kudancin Ari, ɗaya daga cikin zobban tsibiran, kusan kowane wata. Murjaninta kam ya sha wuya, domin ɗumamar ruwa ta 1998 da ta 2016 sun kashe mai yawa a wurare marasa zurfi. Wanda murjani ya kai shi zai fi samun biyan buƙata a Masar ko Indonesiya. Disamba zuwa Afrilu ruwa ya fi kwanciya, ya fi haske. Taron manta na Hanifaru, wani lungun teku a Maldib ɗin, kuwa tsakanin Yuni da Nuwamba yake, kuma can ba a shiga da tukunya, daga sama ake leƙo da tabarau da bututun shaƙa. In ɗan talla ya haɗa maka duka biyun a mako ɗaya, tambaye shi da kyau. A mashigan da ke tsakanin tsibirai ruwa yana ja sosai, har ana maƙala ƙugiya a dutse don a tsaya wuri ɗaya, saboda haka sabon shiga ya nemi jirgin da ke zagaya tsakiyar ƙasar, ya bar hanyar kudu mai nisa sai ya goge.

Raja Ampat, a gabashin Indonesiya gefen Papuwa, ita ce wadda masu nutso ke mafarki. Manyan tsibirai huɗu ne, Waigeo da Batanta da Salawati da Misool, da ƙanana fiye da 1,500. An ƙirga nau'in murjani sama da 500 a nan, wajen kashi uku cikin huɗu na duk mai tauri da aka sani a duniya, kuma a 2012 masanin kifaye Gerald Allen ya ƙirga nau'in kifi 374 a nutso ɗaya a wani wurin nutso da ake kira Cape Kri. Da yawa cikin jiragen na katako ne irin pinisi, sana'ar mutanen kudancin Sulawesi wadda UNESCO ta sa cikin al'adun gado a 2017. Lokacinta Oktoba zuwa Afrilu. To amma daga filin jirgin Diori Hamani sai ka bi ta Adis Ababa ko Istambul, ka sauka Jakarta, ka sake tashi zuwa Sorong, garin da ake shiga jirgin ruwan. Kwana biyu sun tafi a hanya kafin ka ga ruwa, biyu kuma a dawowa. Kuɗin jirgin ruwan yakan ninka na Masar sau uku ko fiye. Akwai zazzaɓin cizon sauro, kuma in wani abu ya faru taimako yana nesa. Ban ga dalilin da zai sa wanda har yanzu yake fama da daidaita kansa a ruwa ya kai kuɗinsa can ba. Rabin hankalinsa zai tafi kan agogon iska, ƙafarsa kuma tana karya murjanin da ya shekara da shekaru yana girma.

Jibuti ma tana nan ga mai son a yi masa bayani da Faransanci, da babban shak mai ɗigo a mashigin Tajura daga Nuwamba zuwa Janairu, sai dai jiragen kaɗan ne. Sudan tana da murjani mai kyau a Sanganeb, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe wannan magana a yanzu.

Duk ƙasar da aka zaɓa, jirgin kansa shi ne abin bincike, kuma nan nake so a dage. A watan Satumban 2019 gobara ta tashi da dare a jirgin Conception a gaɓar Kalifoniya ta Amurka, mutum 34 suka mutu a ɗakin kwana na ƙasa, masu bincike kuma suka gano ba wanda ke gadi a farke. A Nuwamban 2024 jirgin Sea Story ya kife a yankin Marsa Alam da mutum 44, goma sha ɗaya suka mutu ko suka ɓace. Araha ba ta ado. Kafin ka tura ko dala, rubuta wa kamfanin ka tambaya: akwai mai gadi da ke zagaya jirgin duk dare? Ɗakunan ƙasa suna da mafita ta biyu, kuma ana nuna wa baƙi ita ranar farko? Akwai na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki? Ina ake cajin batura, a ɗaki ko a fili inda ido ke gani? Akwai tukunyar oksijin ta gaggawa da wayar tauraron ɗan'adam? Baƙi nawa ke bin jagora ɗaya? Kamfanin kirki zai amsa dalla-dalla, har da hotuna. Wanda ya ce maka kawai kada ka damu, komi lafiya, ka bar shi. In akwai hali a ƙara kuɗi a ɗauki ɗakin sama. Iska ta fi, fita ta fi sauƙi. Daren farko kuma ka tashi da kanka ka bi hanyar fita daga gadonka, ka taɓa marfin da hannunka ka ga yana buɗewa.

Kuɗin da ke kan talla ba shi ne duka ba. A Masar ana samun mako guda daga wajen Yuro 1,000 zuwa 1,500, wato daga jika 656 zuwa kusan miliyan ɗaya na sefa, Maldib ta ɗara haka, Raja Ampat ta yi nisa. A kan wannan akwai tikitin jirgin sama, da kuɗin shiga gandun ruwa da na tashar jirgi, da hayar kaya, da iskar naitiroks mai ƙarin oksijin in ba a haɗa ta a farashi ba, da tukwicin ma'aikata wanda aka saba bayarwa a ƙarshen mako. A nemi jimilla a rubuce. Tabarau da agogon nutso, mai nuna zurfi da lokacin da aka yi a ruwa, gara mutum ya sayi nasa, sauran a yi haya. Inshorar nutso irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, dole ce, don inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta biyan ɗakin matsin iska, inda ake kwantar da wanda iskar naitirojin ta yi wa kumfa a jini saboda ya taso da sauri. Maldib tana ba da biza ta kwana 30 kyauta a filin jirgi ga mai tikitin komawa da shaidar masauki. Masar da Indonesiya kuwa a gama da ofishin jakadancinsu kafin a biya kafin alƙalami. Ƙasashen uku duk suna tambayar katin rigakafin shawara ga wanda ya fito daga Nijar.

Ta fuskar addini, ma'aikatan jiragen Masar da Maldib galibi Musulmi ne, abinci ba matsala, kuma matuƙi zai nuna maka alƙibla, wadda takan canja yayin da jirgi ke juyawa a kan igiyarsa. A Indonesiya a tambaya tun da wuri, don a gabashin ƙasar Kiristoci suna da yawa kuma ɗakin girki yakan bi son baƙi. Kada a ɓoye wa kai cewa ana sayar da giya a yawancin jiragen, kuma sauran baƙi Turawa ne da shigarsu ta bakin ruwa, a wuri ƙanƙani har kwana bakwai. Mai tafiya da iyali ya san da wannan. Hajiya mai son nutso tana iya neman malama mace, rigar roba kuma da hularta tana rufe jiki daga kai har idon sawu, ana ɗora riga mai sakewa a kai in an fito. Kada a haɗa tafiyar da azumi, domin ƙishirwa tana ƙara haɗarin ciwon nutso, wato kumfar naitirojin a jini.

Da ɗan'uwana ne ya tambaye ni, zan ce tafiyar farko ya sauka otal a Hurgada ko Dahab, ya yi mataki na ɗaya da na biyu, ya tara nutso 20 zuwa 30 yana dawowa tudu kowace yamma. Ta biyu ya hau jirgi, hanyar arewa ta Bahar Maliya in aljihu ne ke magana, tsakiyar Maldib in sanyi yake tsoro ko yana tare da iyali. Wajen sayen tikitin dawowa kuma ya bar tazara: ƙa'ida ita ce aƙalla awa 18 tsakanin nutso na ƙarshe da hawa jirgin sama bayan kwanaki ana nutso, yawancin jagorori ma cewa suke a cika 24. Jiragen da ke sauka Yamai ba kullum suke tashi ba, saboda haka a fara duba ranar jirgin sama, sannan a zaɓi makon jirgin ruwa da ya dace da ita.