Yaya, a nan wutsiyar kibiya ake ciniki a kai

Assalamu alaikum Yaya, ina gajiya, ya Garwa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ka tambaye ni wancan hoton da na tura, wai me ya kai ni riƙe baka a Amurka ni da ko ɗanko ban iya harbawa ba muna yara, toh bari in baka labarin duka tunda yau ba aiki.

Wani abokin aikina ne bature a sito inda muke lodin kaya nan Kolombus ta jihar Ohayo, shi mafarauci ne, ranar da na ce mishi kakanmu maharbi ne ya kusa tashi sama dan murna, tun daga nan bai bar ni na huta ba sai da na yi darasin farauta da ake tilasta ma sabon shiga na ciro permi, wato takardar izinin farauta. Lokacin harbin barewa da baka a nan daga ƙarshen Satumba ne har farkon Fabrairu, kuma doka tace bakan ka kar ƙarfin jan shi ya gaza fam 40. Abin da ya fi tsaya mini shine dafi haramun ne a dokar su kwata-kwata. Na tuna kwarin Kaka da ke rataye a zaure, yadda yake mana tsawa in mun matsa kusa saboda kwankwanin da ke bakin kiban, kuma ka tuna kiban nan kyauro ne kawai da tsinin ƙarfe, babu gashi ko ɗaya a gindinsu. Ni har na girma ban san ana sa ma kibiya gashi ba sai a fim. A wajen mu ko a cinya ka sami dabba dafi zai ƙarasa aikin, su kuwa tunda babu dafi dole kibiya ta tafi sak ta shiga bayan kafaɗa inda huhu yake, in ba haka ba ka jikkata dabba ta tafi ta mutu a banza. Shi yasa duk hankalin su ya koma kan wutsiyar kibiya.

Kuskuren farko nawa ne, na ga kibau a intanet da ɗan sauƙi na saya, masu guntun gashin roba inci 2, kamar santimita 5 kenan, guda uku a kowace. Da tsinin gwaji lafiya lau suke tafiya, amma da na ɗaura musu kan farauta, wanda reza uku ce a tsaye, sai ɗaya ta yi hagu ɗaya ta yi ƙasa, na rasa gane kan abin har na fara zargin hannuna. Na rubuta ma masu sayarwar, sati guda ba amsa, daga baya saƙon na'ura ya zo. Wallahi ran nan na yi kewar maƙeran kasuwar Pitowa ta ran Lahadi, mutumin da ya ƙera maka abu yana zaune gindin zuga-zugin shi, in bai yi ba ka dawo mishi da shi wani sati kuma ya san babanka.

Abokin nawa ya kai ni wani shago na kayan baka zalla. Yaya a nan dole in yaba musu. Bayan shagon akwai dogon ɗaki na gwaji, wani dattijo mai farin gemu ya kafa takarda a firam yace in harba ta ciki daga taku kaɗan, sai ya cire gilashi ya tsura ma yagewar ido kamar mai karatun wasiƙa, ya nuna mini da ɗan yatsa yadda takardar ta tsage gefe guda, yace gindin kibiyar ka karkacewa yake tun fitowar ta. Ya ɗan matsa mazaunin kibiyar da ƙaramin makulli, na sake harbi, sai rami ɗaya da tsaga uku siraran. Ya fi rabin awa a kaina kuma bai nuna gajiya ba.

Shi ya fahimtar da ni zancen gajere da dogo. Rezojin da ke gaba su ma iska suke kamawa kamar fuffuke, suna so su ja ragamar kibiya, toh dole gashin baya ya fi su ƙarfi in ba haka ba gaba ce zata yi tuƙi. Dogon gashi, inci 4 ko 5, ya fi kama iska, yana saurin miƙar da kibiya kuma yana yafe ma wanda hannun shi bai zauna ba irina, sai dai yana rage mata gudu in tafiya ta yi nisa kuma iskar gefe ta fi tura shi. Gajeren irin su Blazer na kamfanin Bohning ba tsawo amma yana da tsayi sama kuma da tauri, bai da nauyi, yawancin masu bakan zamani mai ƙafafun juyi shi suke sa wa, musamman in kan kibiyar irin wanda rezojin shi ke naɗe ne sai ya taɓa dabba suke buɗewa. Kuma yace ba tsawon kaɗai bane, yadda aka liƙa ma magana ce, nawa a miƙe aka liƙa su, da an ɗan murɗa su kibiya zata riƙa juyawa kamar mazari tana tafiya, juyin nan ne ke hana rezoji rinjaya.

Akwai kuma gashin tsuntsu na gaske, na talo-talo, an rina shi kala-kala. Ya fi roba rashin nauyi, masu bakan gargajiya shi suke so dan yana kwantawa in ya gogi jikin baka, amma in ruwa ya taɓa shi sai ya lanƙwame kamar kazar da ta faɗa randa, kuma lokacin kaka a nan ana samun yayyafi. Na shafa shi na ji daɗin shi a hannu, na ajiye.

Ni dai dogo na roba na zaɓa, inci 4 a murɗe. Abokina ya yi ta musu wai kowa ya koma gajere, nace mishi kai shekara nawa kana harbi, ni kuwa ban da niyyar wuce yadi 20, a wannan tazarar gudun da dogo ke ci ba zan ma ji shi ba, abin da nake tsoro kibiya ta isa a karkace. Ka tuna karatun da muka yi a zaure na hadisin Adiyyu bin Hatim, in makami ya sami dabba da kaifin shi ya huda a ci, in da gefen shi ya buge ta kar a ci. Na yi bisimilla na saki kibiya ina so in san da tsini zata isa, wannan ba abin da zan yi ganganci da shi bane dan kowa na yayin gajere.

Dattijon ya kankare tsofaffin da wuƙa, ya goge jikin kibiyar, ya ɗora ta kan wani ɗan ƙarfe mai matsewa, gashi ɗaya bayan ɗaya da gam, yana juyawa yana jin ƙas. Kuɗin kuwa kar ka tambaya, kowace kibiya da nata lissafin, kiban dozin masu kyau a shagon sun haura dalar Amurka 100, ka juya shi zuwa sefa ka ga buhun masara nawa ne. Da muna yara in kyauro ya karye Kaka bakin Binuwai kawai zai gangara ya yanko wani. Amma gaskiya ɗaya ce, kiba shida na harba a yadi 20 bayan gyaran duk suka taru wuri ɗaya da tafin hannu zai rufe.

Har yanzu ban sami komai ba, sau biyu na fita, sanyi ya hana ni zama kan bishiya inda ake fakon barewa. Dan Allah Yaya in kwarin Kaka yana nan wajen Baffa ka ɗauko mini hoton kibiya ɗaya kusa-kusa, gaba da baya, ka auna tsawon ta da mita, amma kar ka taɓa bakin kuma kar yara su matso. Dattijon nan bai yarda kibiya mara gashi tana kashe gada ba, na mishi alkawari zan nuna mishi. A gaida Inna da su Anti, kuɗin magani zan turo ran Juma'a in sha Allah.