Gargaɗi: ya ci min dubu 380 a ringin fistin, ya kuma kashe min inji

Jama'a, naira dubu 380 na tura da hannuna wa wani mai sayar da ringin fistin (zoben ƙarfen da ke zagaye fistin a cikin inji), ba wanda ya tsare ni da bindiga. Tun shekaranjiya nake rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma gara in faɗa kafin ya kama wani.

Kuma kafin wani ya ce ban san mota ba, shekarata 14 ana kwance min inji ana ɗaurawa a gaban idona. Motata Lexus GS300 ce tsohon yayi, mai inji 2JZ, silinda shida, na sa mata turbo, wato abin da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara ƙarfi. Faɗin silindarta milimita 86. Na san lissafin sarai: injin da ba turbo, tazarar bakin ringin sama wajen milimita 0.35 ta isa, amma mai turbo sai an buɗe ta kai wajen 0.50, don zafi ya fi yawa kuma ƙarfe miƙewa yake in ya ji wuta. Ringi na biyu ma a ɗan fi buɗe shi, kada iska ta maƙale tsakaninsu ta ɗaga na sama. In tazarar ta yi yawa, mota ta sha baƙin mai ta yi hayaƙi, wannan da sauƙi. In ta yi kaɗan, bakin ya haɗe, ringi ya rasa inda zai je, sai ya ɓalle gefen fistin. Duk na san wannan. To ina hankalina ya tafi?

Kiran bidiyon da mai ringin ya yi min ne ya ci ni. Ya ɗauko ringi ya sa a silinda, ya tura shi da kan fistin don ya zauna daidai, yadda masu aiki ke yi, ya zura fila geji, siririn ƙarfen auna tazara, ya juyo min lambar: 0.50. Ya ce, “Alhaji, an riga an gyara su don turbo tun daga Japan, ɗaurawa kawai za ka yi.” Har da rantsuwa. Wallahi da ya yi min surutun banza da ban saya ba, amma yadda ya daidaita ringin da fistin, nan na ce wanga ya san aiki. Kullum dare sai na sake ganin hannun nan da gejin yana shiga.

Silindar wa ya auna? Ba tawa ba! Bulok ɗin injina, inda silindar take, na nan Sakkwato a gareji. Faɗin silinda in ya ƙaru da 0.01, tazara na ƙaruwa da wajen 0.03, ninki uku. A cinyayyar silinda ko wane ringi zai nuna maka 0.50.

Ran da abin ya faru, cikin Afrilu, ranar nan tamu da ta haura digiri 40, na kama hanyar Boɗinga, na wuce filin jirgi kaɗan na taka ta. Sai wani ƙas-ƙas, ƙarfi ya zube, shuɗin hayaƙi ta salansa. A'a, na tsallake wani abu. Kafin nan, ran da kayan suka iso tasha, kwalin tsaf da rubutun Japan, bakanikena ya juya shi ya ce, “Yallaɓai, bari dai mu auna.” Na ce an auna, da idona na gani. Bikin ƙanena saura kwana huɗu, ina son motar ta fita. Ya ce “to”, ya ɗaura. Wannan “to” ɗin ya fi kuɗin ci min rai.

Da muka sauke kan inji, fistin na biyar gefensa ya ɓalle, bangon silindar ya sha karta kamar an bi shi da ƙusa. Muka ciro ringin wata lafiyayyar silinda muka auna: 0.25. Rabin abin da ya nuna min. Ringin gama-gari ne a kwali mai kyau, ko magagari bai taɓa ganin bakinsa ba. Dubu 380! Kuma sau biyu na tura, dubu 200 bayan kiran bidiyon, dubu 180 da ya turo hoton kwalin a tasha. Yanzu ga borin bulok (ƙara faɗin silinda), ga sabbin fistin, ga gaskit.

Na kira mai ringin, ya ce halan direbana ne ya bar lagireto ba ruwa. Ba ni da direba. Washegari ya toshe ni a WhatsApp, shafinsa na Facebook ya canza suna, hotunan dai su ne.

Duk wanda ya ce muku ringi ya zo a gyare, kada ku yarda ba ku auna ba. Ku auna kowanne a silindar da zai zauna.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin banki biyu da hoton fistin duk suna wayata, zan ɗora su da dare in an kawo wuta. Kiran bidiyon ne kawai ban naɗa ba, shi da ya fi komai, wanda a kansa na ba da dubu 380.