Kwas ɗin Lean LaunchPad a ƙaramar kwaleji: ya cancanta, amma sai an yi masa gyara

Ƙananan kwalejojin Amurka irin su Grinnell, Carleton, Oberlin da Middlebury digirin farko ne babban aikinsu. Ɗalibansu ba sa wuce dubu uku sosai, adabi, tarihi, tattalin arziki da ilimin halittu ne suka fi yawa a cikinsu, kuma galibi babu tsangayar injiniyanci ko ta kasuwanci. Idan irin wannan makaranta ta so koya wa ɗalibai ƙirƙira da kafa sana'a, Lean LaunchPad na cikin kwasa-kwasan da suka fi sauƙin ɗaukowa, domin manhajarsa da darussan bidiyonsa suna nan kyauta a intanet. A ganinmu ya cancanci a ɗauka, sai dai wanda ya kwafe shi yadda yake zai sha wahala tun mako na uku.

Steve Blank ne ya fara koyar da shi a Jami'ar Stanford a 2011, a shekarar kuma hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta gina shirinta na I-Corps, mai koya wa masu bincike mayar da bincikensu sana'a, a kansa. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Ɗalibai suna shiga rukuni-rukuni, kamar mutum huɗu kowanne. Suna cike Business Model Canvas, jadawalin nan mai gida tara na Alexander Osterwalder: wane ne abokin ciniki, me za a ba shi, ta wace hanya, daga ina kuɗi za su shigo, me za a kashe, da sauransu. Duk abin da aka rubuta a gidajen nan hasashe ne har sai an tabbatar. Tabbatarwar kuma a waje ake yinta: hira da mutum goma zuwa sha biyar kowane mako, har a kai ɗari ko fiye kafin ƙarshen zango. Lacca a gida ake kallonta. Lokacin aji na gabatarwa ne, kowane rukuni ya tashi ya faɗi abin da ya yi zato, wa ya tambaya, me ya ji, me ya sauya.

Wannan ɓangaren hirar shi ne zuciyar kwas ɗin, kuma nan ne ɗalibin ƙaramar kwaleji ke da rinjaye. Wanda ya saba karanta dogon rubutu ya tsamo hujja, ko ya yi darasin nazarin al'umma, ya fi saurin koyon yin shiru ya saurara. Duk da haka, kurakurai uku sukan dawo kowace shekara. Na farko, a yi hira da abokan ɗaki da 'yan ajinsu a ƙirga. Na biyu, a tura takardar tambayoyi ta Google Forms a ce an yi hira arba'in. Wannan ba hira ba ce, don ba ka ga fuskar mutum ba, ba ka kuma bi bayan amsarsa ba. Na uku ya fi ɓarna: tambayar "za ka saya idan muka yi?" Mutane suna jin nauyin ɗalibi, sai su ce e don kada su karya masa gwiwa. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce ta abin da ya riga ya faru: yaushe rabonka da cin karo da wannan matsala, me ka yi a lokacin, nawa ka kashe. Malamin da ya tilasta a rubuta sunan aikin mutumin, ranar hira da jimla guda da ta ba rukunin mamaki, ya toshe rabin waɗannan ramuka.

Inda kwas ɗin ke tangarɗa shi ne lissafi. An tsara shi ne a tsakiyar Silicon Valley, cibiyar kamfanonin fasaha ta Amurka, inda kamfanoni ke maƙwabtaka da aji. A ce aji yana da rukuni shida, kowanne na neman hira ɗari: hira ɗari shida ke nan. Garin Grinnell da garin Oberlin kowannensu bai kai mutum 10,000 ba. Idan rukuni uku suka nufi masu kantuna ɗaya da manajan asibiti ɗaya, kafin mako na huɗu an daina ɗaukar wayarsu. Mafita biyu ce. A sauko da adadin zuwa hamsin ko sittin na gaske, sannan a amince da hirar bidiyo. Kafin zango ya fara kuma, ofishin tsofaffin ɗalibai ya fitar da jerin masu son a kira su, a ware su bisa sana'a. Wannan jeri shi ne jarin ƙaramar kwaleji, kuma daga cikinsa ake samo mai ba kowane rukuni shawara, mutum ɗaya da zai ba da awa guda a mako.

Kada a cusa shi cikin gajeren zangon Janairu da wasu kwalejojin ke yi, ko da yake akwai jarabar yin haka. Mako huɗu ba sa isa, domin samun lokacin ganawa da shugaban makaranta ko mai gona kaɗai kan ci kwana goma. Cikakken zango yake so.

Ɗalibai da yawa a irin waɗannan kwalejoji ba riba ce ke gabansu ba, aikin al'umma suke so. Gidan "kuɗin shiga" yakan rikita su, su rubuta "tallafi" su wuce. Ga waɗannan, Mission Model Canvas da aka fitar a 2016 ya fi dacewa: masu amfana sun maye gurbin abokan ciniki, cikar manufa ta maye gurbin kuɗin shiga. Amma a riƙa tambayarsu wa zai biya albashi a shekara ta biyu.

Maki kuma kada a ɗora shi a kan ko sana'ar da rukuni ya tsara ta yi nasara. Rukunin da ya gano a mako na shida cewa babu mai buƙatar abinsa, ya kuma kawo hujja, ya fi wanda ya ƙare da kyakkyawan tambari ba tare da ya sauya ko gida ɗaya a jadawalinsa ba.

Akwai abin da manhajar ba ta tanada ba, alhali yana iya jefa ɗalibi cikin matsala: ɗaliban ƙasashen waje masu bizar karatu ta F-1. Yin hira da tsara shiri a matsayin aikin aji ba laifi, amma gudanar da kamfani da yi masa aiki na buƙatar izinin aiki, irin CPT ko OPT. Duk rukunin da ke da irin wannan ɗalibi ya je ofishin kula da ɗaliban ƙetare tun makon farko, kafin a karɓi ko dala ɗaya daga hannun wani.